Daga Ƙudus zuwa Habasha: yadda Kiristanci ya yaɗu a ƙarnukan farko

"Assalamu alaikum Malam. Na sha jin mutane suna cewa Sarki Kustantin na Rum ne ya ƙirƙiro Kiristanci ya ɗora wa talakawansa da ƙarfin mulki. Wasu kuma suna cewa aikin Bulus ne shi kaɗai. Wanne ne daidai? Kuma ta yaya mutane 'yan ƙalilan a Falasɗinu, ba sarki ba runduna, addininsu ya kai har Habasha tun kafin zuwan Musulunci?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka uku ce a ƙunshi ɗaya: me Kustantin ya yi, me Bulus ya yi, sannan me ya ɗauki addinin daga gari zuwa gari cikin shekaru kusan 280 kafin wani sarkin Rum ya rungume shi. Kustantin dai ya tarar da itacen ya riga ya yi rassa, taki ya zuba masa. Bulus babban ma'aikaci ne, amma gonar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Mafi yawan aikin mutanen da tarihi bai riƙe sunayensu ba ne suka yi shi, a zaurukan gidaje da rumfunan sana'a.

A san iyakar maganar tun farko. Musulmi da Kirista sun rabu a kan abin da ya faru da Isa Almasihu, wanda Kiristoci ke kira Yesu, a ƙarshen zamansa a duniya. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i aya ta 157 ya ce ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Kiristoci kuwa gicciye da tashi daga matattu su ne ginshiƙin imaninsu. Wannan fagen aƙida ne, kayan aikin ɗan tarihi ba sa yanke hukunci a cikinsa. Sawun mabiyan za mu bi: wasiƙunsu, takardun hukuma, kufan gine-gine, da abin da maƙiyansu suka rubuta a kansu. A wannan aiki mukan fi ba shaidar abokin gaba nauyi, domin shi ba zai ƙara wa miya gishiri don ya yabi wanda yake ƙi ba.

Farkon lamarin da rigimar kaciya

Abin ya soma wajen shekara ta 30 miladiyya, zamanin Kaisar Tibariyas, Bilatus yana gwamnan Yahudiya, muƙamin da ya riƙe daga 26 zuwa 36. Mabiyan farko Yahudawa ne gaba da baya. Aramiyanci suke yi, suna zuwa Haikali a Ƙudus, suna kiyaye Asabar, suna kaciya, ba sa cin alade. Abin da ya bambanta su da sauran Yahudawa shi ne sun ce Almasihun da ake jira ya riga ya zo. Su kan kira kansu masu bin Hanya, wasu kuma su kira su Nazarawa, daga garin Nazarat, kuma masana harshe da dama suna danganta kalmar Nasara da muka aro daga Larabci da wannan suna. Sunan Kirista a Antakiya aka fara laƙaba musu shi. Shugabansu a Ƙudus shi ne Yaƙubu, wanda marubucin tarihi Bayahude Yusufus ya ba da labarin kashe shi a shekara ta 62.

Da lamarin ya tsaya a haka, da ƙungiyar ta zauna ɗaya daga cikin ƙungiyoyin Yahudawa. Abin da ya sauya alƙibla shi ne tambayar da ta taso a Antakiya da waɗanda ba Yahudawa ba suka fara shiga: sai sun yi kaciya sun ɗauki dukan dokokin Attaura? Ka duba nauyin abin a aikace. Magidanci Bahelene, wato mutumin Girka, mai shekara arba'in, a zamanin da babu allurar kashe zafi, kuma a al'ummar da ke ganin kaciya abin kunya ne a gidan wanka, mutum nawa za su yarda? Ga kuma maganar abinci, wadda ta hana ɓangarorin biyu haɗa hannu a akushi ɗaya. Wajen shekara ta 48 ko 49 aka yi zama a Ƙudus, da Bitrus almajirin Yesu, da Yaƙubu da Bulus. Bisa ruwayar littafin Ayyukan Manzanni, an sauke wa baƙin kaciya, aka bar musu abu huɗu: su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da maƙararriyar dabba, da fasikanci.

Rigimar ba ta mutu a ranar ba, wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa cike take da zafinta. Yaƙi ne ya ƙarasa abin da muhawara ta kasa. A shekara ta 70 rundunar Titus ta rushe Haikali, a 135 kuma bayan tawayen Bar Kokba aka hana Yahudawa zama a Ƙudus. Uwar ikilisiya ta rasa matsayinta, masu riƙe da Attaura irin su Ebiyonawa, waɗanda ba su yarda da Bulus ba sam, suka koma gefe, ragama ta koma biranen masu jin Helenanci.

Bulus da hanyoyin da ya tarar a buɗe

Tsarin aikin Bulus a bayyane yake. Manyan birane yake nufa, masu tashar jiragen ruwa ko waɗanda ke kan babbar hanya: Filibi da Tasalonika a kan titin Egnatiya, sai Korinti da Afisa. Idan ya sauka sai ya nemi aikin hannunsa na ɗinkin tanti, ranar Asabar ya je majami'ar Yahudawa. A can akwai wasu mutane da ake kira masu tsoron Allah, wato waɗanda ba Yahudawa ba ne amma sun gaji da gumaka, suna zuwa sauraron Attaura ba tare da sun yi kaciya ba. Su ne suka fi saurin karɓar saƙon, don an ba su abin da suke so an ɗauke musu abin da suke tsoro. Idan majami'a ta kore shi sai ya koma gidan ɗaya daga cikinsu. A Korinti ya yi wata 18, kuma mun san lokacin da kyau saboda wani rubutun dutse a Delfi da ya nuna Galiyo, gwamnan da aka kai Bulus gabansa, ya yi mulki a 51 zuwa 52.

To amma ga abin da ke rushe cewa shi kaɗai ne. Wasiƙarsa zuwa ga Romawa, wajen shekara ta 57, ya rubuta ta ne ga jama'ar da bai taɓa ziyarta ba, kuma a ƙarshenta ya gai da mutum fiye da 20 da sunayensu. Wasu ne suka riga shi kai addinin Rum. Haka Iskandariya a Masar da Kartaj a Tunisiya ta yau, manyan cibiyoyi biyu na Afirka, babu sawunsa a cikinsu.

Abu uku suka sauƙaƙa wa kowa tafiyar. Akwai harshe ɗaya, Helenanci, da ake ciniki da shi daga Masar har Rum, kuma an riga an fassara littattafan Yahudawa zuwa cikinsa a Iskandariya tun ƙarni na 3 kafin miladiyya. Akwai titunan Rumawa da jiragen da ke jigilar alkama daga Masar zuwa Italiya, sai dai teku kan rufe daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Akwai kuma unguwannin Yahudawa a kusan kowane babban birni, waɗanda suka zama tamkar zango ga baƙo: ya sauka, ya sami mai masauki, ya sami masu fahimtar maganarsa.

Karɓar baƙi ya zo da nasa ciwon kai, domin 'yan damfara sun gane akwai tuwo a gidajen masu bi. Wani ɗan littafin koyarwa da ake kira Didake, na wajen ƙarshen ƙarni na farko, ya kafa ƙa'ida ba kwana-kwana: mai wa'azi matafiyi ya kwana ɗaya, in da lalura biyu, in ya kai uku maƙaryaci ne. In zai tafi a ba shi gurasar da za ta kai shi masauki na gaba, in ya nemi kuɗi maƙaryaci ne. Littafin ya tanadi har yadda za a yi baftisma inda ruwa ya yi ƙaranci: a fi son ruwa mai gudu, in babu a yi da wani, in ba mai sanyi a yi da mai ɗumi, in duk babu a zuba a ka sau uku.

Gida, ciyarwa da jinya

Kusan shekara 200 Kiristoci ba su da ginin ibada na musamman. A gidan wani mai hali ake taruwa, kuma idan maigida ko uwargida ta karɓa, yawanci iyali da barori da abokan sana'a sukan biyo. Mafi tsufan gidan ibada da aka tono yana Dura-Yurofos, a bakin kogin Furatu a Siriya. Gidan zama ne aka gyara wajen shekara ta 240: aka rushe bango tsakanin ɗakuna biyu aka sami zauren da zai ɗauki mutum kamar 70, aka mai da wani ƙaramin ɗaki wurin baftisma da kwarmin ruwa da zane-zane a bango. Daga waje ba ka bambanta shi da gidajen maƙwabta.

Su wane ne ke cika waɗannan zauruka? Wani masanin falsafa mai suna Kelsus, wajen shekara ta 178, ya yi musu ba'a cewa masu aikin ulu ne da dukawa da masu wanki, suna ruɗar mata da yara. Ba'ar tana da ƙamshin gaskiya, ko da yake akwai masu hali a cikinsu tun farko, irin su Lidiya mai sayar da tufafin shunayya a Filibi. Game da mata kuwa akwai wata shaida da nake ganin ta fi dogon bayani. A watan Mayu na shekara ta 303 jami'an hukuma suka shiga gidan taron Kiristoci a Sirta, wato Kusantina ta Aljeriya a yau, suka rubuta duk abin da suka ƙwace. A ɗakin ajiya sun ƙirga rigunan mata 82 da na maza 16, mayafai 38, takalman mata ƙafa 47 da na maza 13. Kayan rabo ne ga mabukata, kuma lissafin ya nuna wa aka fi tufatarwa.

Wannan ciyarwa tsararriya ce. Marubuci Kirista Tartuliyan na Kartaj, wajen 197, ya bayyana asusun da kowa ke jefa abin da ya sawwaƙa sau ɗaya a wata, ana binne matalauta da shi, ana riƙe marayu da tsofaffi da waɗanda ke kurkuku. A shekara ta 251 bishof na Rum, Korneliyus, ya lissafa ma'aikatansa: dattawa 46, dikinoni, wato masu hidima, 7, da mata waɗanda mazansu suka rasu da sauran mabukata fiye da 1,500 da ikilisiya ke ciyarwa. Ga talakan birnin da haya ta yi masa yawa, ba dangi kusa, ba wanda zai binne shi in ya mutu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Annoba biyu suka fito da abin fili, ta 165 zuwa 180 da wadda ta ɓarke wajen 250. Bishof Diyonisiyus na Iskandariya ya rubuta yadda mutane ke gudun majinyatansu, Kiristoci kuwa suka tsaya jinya, da yawansu suka mutu a kai. Ba magani gare su ba. Amma mai zazzaɓi da gudawa in ya sami mai ba shi ruwa da kunu da share masa jiki, yakan tashi inda wanda aka yasar zai mutu da ƙishirwa. Maƙwabcin da ya rayu ta hannunsu kuma ya san inda zai nufa. Shaidar abokin gaba a nan ita ce ta Kaisar Yuliyan, wanda ya yi ƙoƙarin mai da daular ga gumaka: a 362 ya koka wa wani babban bokan haikali cewa Galilawa, haka yake kiransu, suna ciyar da nasu matalauta har da na masu bautar gumaka.

Akwai wani dalili da ba a cika lura da shi ba. Mai bautar gumaka in ya ƙara sabon abin bauta, tsofaffin ba su yi asarar kowa ba. Wanda ya zama Kirista kuwa dole ya bar sauran duka. Don haka duk mutum ɗaya da coci ya samu, haikalai sun rasa shi har da 'ya'yansa. Shigar ma ba ta da sauƙi. A ƙarni na 3 akan yi wa mai son shiga koyarwa har shekara uku kafin baftisma, kuma mai sassaƙa gumaka ko kawali ko ɗan damben filin wasa sai ya bar sana'arsa.

Babu ƙidayar jama'a daga wancan zamani, duk alƙaluman da za ka gani ƙiyasi ne. Mafi shahara shi ne na masanin zamantakewa Ba'amurke Rodney Stark a 1996. Ya ce a ɗauka Kiristoci 1,000 ne a shekara ta 40, suna ƙaruwa da kashi 40 cikin 100 duk shekara goma. Lissafin zai ba ka kusan 7,500 a shekara ta 100, wajen 218,000 a 200, sannan miliyan 6 da 'yan kai a 300, kimanin kashi 10 cikin 100 na daular da ake ƙiyasta mutanenta miliyan 60. Kada ka riƙe waɗannan a matsayin tabbas. Amfaninsu shi ne nuna cewa ba a buƙatar dubbai su tuba rana ɗaya: ya isa kowane mutum 100 su ƙaru da uku ko huɗu a shekara, sauran aikin lokaci ne zai yi.

Tsanantawa, da abin da ta ɓata

Ana yawan zaton shekara 300 aka yi ana jefa Kiristoci ga zakuna ba hutu. Tsanantawar tana zuwa ne tana wucewa, yawanci a gari ɗaya ko lardi ɗaya. Kaisar Niron ya ɗora musu laifin gobarar Rum a 64. Wajen 112 gwamna Filini na Bitiniya, a arewacin Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Kaisar Tarajan yadda yake yi: ya tambayi wanda ake zargi sau uku, in ya nace a kashe shi, in ya musa a kawo siffar Kaisar ya miƙa turare da ruwan inabi ya zagi Almasihu a sake shi. Ya ce abin ya bazu har ƙauyuka, haikalai sun kusa zama kufai, masu sayen naman hadaya sun yi ƙaranci. Tarajan ya amsa cewa kada a bi su farauta, kada kuma a karɓi ƙarar da ba sa hannu. Ka riƙe wani abu daga wasiƙar: Filini ya ce suna taruwa kafin asuba suna rera waƙa ga Almasihu kamar ga abin bauta. Wannan shekara 200 ke nan kafin Kustantin.

Ta farko da ta game daular ita ce ta Kaisar Desiyus a 250. Kowa sai ya yi hadaya a gaban kwamiti ya karɓi takardar shaida, kuma an tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a Masar. Nan aka ga rauni. Da yawa suka yi hadayar, wasu suka sayi takardar da cin hanci. Da ƙura ta lafa sai rigima ta tashi kan ko za a sake karɓarsu. Irin wannan rigima bayan babbar tsanantawar Kaisar Diyokletiyan ta 303, lokacin da wasu shugabanni suka miƙa littattafai aka ƙona, ita ta haifi ɓangaren Donatawa, ta raba cocin Arewacin Afirka gida biyu fiye da shekara 100.

Abin da Kustantin ya yi

Kaisar Galeriyus ne ya fara janye tsanantawar a 311. Kustantin ya ci yaƙin gadar Milbiya a 312, a 313 shi da abokin mulkinsa Lisiniyus suka amince a Milan kowa ya yi addininsa, a mayar wa coci kadarorinsa. Ya gina manyan majami'u a Rum da Ƙudus, ya sauke wa malaman coci wasu hidimomin gari, ya sa Lahadi ranar hutu a 321, ya kira taron Nikiya a 325 kan koyarwar wani malamin coci, Ariyus, game da matsayin Almasihu. Shi kansa sai a gadon mutuwarsa a 337 aka yi masa baftisma. Taron Nikiya bai zaɓi littattafan Sabon Alkawari ba kamar yadda wasu ke zato: bishof Iraniyus ya riga ya yi maganar Linjila huɗu wajen 180, jerin littattafai 27 kuma ya fito a wasiƙar Atanasiyus, bishof na Iskandariya, ta 367.

Masu cewa an yi amfani da ƙarfin mulki suna da gaskiya, sun dai kuskure sarki da lokaci. Kaisar Tiyodosiyus ne ya mai da aƙidar Nikiya addinin daula a 380, ya hana hadayu a 391 da 392, a lokacin ne kuma aka rushe babban haikalin Sarafis a Iskandariya. Daga nan shiga coci ta zama hanyar samun muƙami, waɗanda aka tsananta wa jiya suka fara tsananta wa wasu.

Bayan iyakar Rum, har zuwa Habasha

Gabas ba ta jira Kustantin ba. Daga Ruha, wato Urfa ta Turkiyya a yau, addinin ya shiga daular Farisa da harshen Suriyanci, kuma goyon bayan Rum ma cutar da su ya yi, don Sarki Shafur na Biyu ya ɗauke su 'yan leƙen asirin abokin gaba ya far musu daga wajen 340. Armeniya ta karɓa a farkon ƙarni na 4. 'Yan cocin Gabas sun isa babban birnin Sin a 635.

Habasha ta hanyar cinikin Bahar Maliya abin ya zo mata. Wani yaro mutumin Taya a Lebanon ta yau, Furumentiyus, aka kama shi da ɗan'uwansa bayan an far wa jirginsu a gaɓa, aka kai su fadar Aksum, masarautar Habasha ta lokacin. Ya girma ya zama amintaccen fada, ya tattara fatake Kiristoci da ke garin suna ibada, daga baya ya je Iskandariya Atanasiyus ya naɗa shi bishof. Shaidar tana kan kuɗin Sarki Ezana: na farkon mulkinsa suna ɗauke da jinjirin wata da faifai, na baya kuma gicciye, wajen tsakiyar ƙarni na 4. Daga nan har 1959 cocin Habasha yana ƙarƙashin cocin Masar. Nubiya, a arewacin Sudan, ta biyo baya: Nobatiya wajen 543, Alwa a 580, kuma masarautun Kirista sun daɗe a can har wajen 1500. Zane-zanen majami'ar Faras da aka ceto a shekarun 1960 kafin ruwan madatsar Aswan ya cinye wurin, nasu ne.

A ganina harshe ne ya fi bayyana inda addinin ya yi saiwa da inda ya tsaya a sama. Masar ta sami littafi da Kibɗanci, Habasha da Ge'ez, Armeniya har haruffa aka ƙirƙira mata wajen 405 saboda fassara, kuma cocin waɗannan wurare suna nan har yau. Arewacin Afirka ta fitar da manyan malaman coci irin su Tartuliyan da Kifriyan da Agustin, amma da Latin ta yi ibadarta, ba a mai da littafin harshen Berber ba, cocinta kuma ya shuɗe a ƙarnukan da suka biyo.

A Jazirar Larabawa akwai Kiristoci a Najran, waɗanda Zu Nuwas ya yi wa kisan gilla wajen 523, da Hira, da ƙabilar Gassan, a Makka ma ga Waraƙa bin Naufal. Don haka lokacin da sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha wajen 615, Ja'afar bin Abi Ɗalib ya karanta Suratu Maryam a gaban Najjashi, fadar da suka shiga ta riga ta yi shekara fiye da 250 da Kiristanci.